Ruwan da Wuta Ta Kasa Kora

Asabar, 2 ga Safar

Saura ƙiris yau in koma zaman gida.

Abin ma ba wani babba ba ne. Baba Sito, mai riƙe da makullin ɗakin ajiya, yana da wata 'yar kwalbar turare da yake ɓoyewa a bayan buhun murafu, ba ya taɓa ta sai zai fita unguwa. Jiya na juye turaren a wata kwalba na adana masa lafiya lau, na cika tasa da ruwan famfo. Yau ya shafa a gemu, ya shafa a wuya, ya shafa a hannun riga, ya fito ya tsaya a ƙofa yana jiran yabo. Shiru. Ya koma ya ƙara. Ya tambayi mai kawo mana kwalabe ko ya ji wani abu, shi kuwa ya ce ya ji, warin gumi. Baba ya zaci hancinsa ne ya mutu, har ya aika a sayo masa maganin mura. Dariyata ce ta tona ni.

Kawu, mai shagonmu, bai yi dariya ba. Na dai ga gefen bakinsa ya motsa, amma ba zan rantse ba. Da yamma ya biyo ni har gida, ya zauna a gaban Inna ya lissafa mata: tela ya kore ni saboda na ɗinke ƙafar wandon wani, bakanike ya kore ni saboda na haɗa wayar hon da kujerar zamansa. Ya ce shi don zumunci ya ɗauke ni, kuma in na ƙara ko sau ɗaya, to kada ta zo masa da roƙo.

Inna tana ninke wanki, ba ta ɗago ba. Ta ce, “Ƙaiƙayi, ka ji dai.” Ita ma ta koma kirana da sunan da 'yan shago suka laƙa mini. Bulalar Malam ba ta taɓa shigata kamar wannan ba.

Litinin, 4 ga Safar

Bari in rubuta aikina, don in an kore ni in riƙa tunawa na taɓa iya wani abu.

Kawu yana sayo sifirit ɗin da masu haɗa magani suka gama aiki da shi. A durom yake zuwa, ruwa ya cika shi, ga launi ga wari. Ni ke tace shi. Tukunyar ƙarfe ce mai dogon wuya, an cusa wa wuyan soson ƙarfe. In na kunna gas a ƙasa, sifirit ya riga ruwa tashi, tururinsa ya hau wuyan, ya bi ta bututun da ke naɗe cikin bokitin ruwan sanyi, ya huce ya riƙa ɗiga a jarka, fari tas. Da shi ake haɗa turare da ruwan goge hannu.

Alƙalinmu wani siririn gilashi ne mai tumbi a ƙasa, ni na raɗa masa Ɗan Iyo. A tsoma shi a cikin abin da aka tace, in ruwa ya yi yawa ya taso sama, in sifirit ya yi kyau ya nutse. Akwai lambobi a wuyansa, inda ruwan ya tsaya nan ne hukunci. Ɗari na nufin babu ruwa ko ɗigo. Karatun allo kawai na yi, amma lambobin boko waya ta koya mini kyauta.

Inna har yau ba ta son warin da nake shigo mata da shi. Sai da ta je ta tambayi Malam, ya ce abin goge ciwo ne da haɗa turare, ba na sha ba, sannan ta bar ni.

Ina son tukunyar nan. Ita kaɗai ce ban taɓa tsokana ba.

Laraba, 6 ga Safar

Wani kafinta ya zo da guntun katako a hannu. Ya shafa masa man sheƙi da yake haɗawa da ƙaro da sifirit, maimakon ya yi ƙyalli sai ya yi fari-fari kamar an zubar masa da nono. Ya ce ruwan da ke cikin sifirit ɗin kasuwa ne ke ja masa haka, musamman in gari ya yi laima. Yana da ƙofofin wani sabon gini da zai gama, yana son wanda babu ruwa sam.

Kawu ya bugi ƙirji ya ce an gama. Lissafinsa shi ne, tacewar farko tana kai mu tamanin da wani abu, ta biyu casa'in, to a yi ta maimaitawa har a taka ɗari. Ni ma ban ga inda lissafin ya karkace ba.

Alhamis, 7 ga Safar

Casa'in da uku. Jibi ɗari, in sha Allahu.

Asabar, 9 ga Safar

Casa'in da biyar.

Na mayar da shi tukunya, casa'in da biyar. Na rage wuta har ɗigon ya zama kamar hawayen marowaci, casa'in da biyar. Na wanke jarka na shanya ta a rana, na canza soson ƙarfe. Sau ɗaya ma'aunin ya leƙa casa'in da shida ya dawo, kamar mai jin kunya. Na yi wa Ɗan Iyo magana da lalama, na yi masa da faɗa. Yana tsaye yana 'yar rawarsa, ko a jikinsa.

Litinin, 11 ga Safar

Kawu ya duba Ɗan Iyo, ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Sai ya tambaye ni a hankali ko har yanzu ina shiri da ruwan famfo.

Na rantse. Ya ce ranar turaren Baba ma da farko rantsuwa na yi. Gaskiyarsa, na yi.

Baba Sito kuwa kamar an yi masa bushara. Ya ce shi tun farko ya san hannu ne, wuta ba ta kasa korar ruwa, ko rigar da aka shanya kusa da murhu ta san haka. Kawu ya karɓe makullin ɗakin tukunya daga wuyana ya sa a aljihu. Ya ce daga yau komai sai an auna, shiga da fita, ba sauran cika durom da ido.

Abin haushin, da ni na shirya wannan tsokanar da na yi alfahari da ita. A ce mutum ya sa mai shago ya yi ta ƙona gas a banza, kullum lamba ɗaya. Amma ba ni ba ne. Ban san wa zan tafa wa ba.

Talata, 12 ga Safar

Awon da Kawu ya ƙirƙiro ya haifo wata.

Za a haɗa ruwan goge hannu. Baba ya auna sifirit, ya auna ruwa, lissafi ya ce su cika durom har layin lita ɗari. Aka aiko ni in juya da muciya, na juya na fita. Da Baba ya dawo ya leƙa, ruwan bai kai layi ba, kusan lita uku babu. Aka duba ƙasa, a bushe. Aka duba gindin durom, ba ya yoyo.

Baba ya matso ya ce in buɗe baki. Na zaci wasa ne, na buɗe. Sai ya kawo hanci ya shinshina, a gaban mai kawo kwalabe da wasu mata biyu da suka zo sayen turare.

Mutumin da ya kasa gane ruwa daga turare a kan gemunsa. Wannan maganar ta zo mini har kan harshe, na haɗiye. Yau ce rana ta farko da na samu amsa mai daɗi na kasa faɗa.

Kawu ya ce wa Baba ya isa. Amma bai ce ƙarya ne ba.

Laraba, 13 ga Safar

Ɗaya daga matan jiya ta san maƙwabciyarmu. Inna ba ta tambaye ni komai ba. Ta dai wanke rigar aikina, ta ɗauraye, ta sake mayar da ita cikin sabulu.

Kawu ya ce ranar Asabar yayar matarsa za ta zo, wadda ta yi shekaru tana aiki a kamfanin magani. Ita za ta duba. In ta ce hannu ne, in tattara.

Alhamis, 14 ga Safar

Na gano wani abu, ban sani ba ko alheri ne.

Baba na zaune a ƙofa yana gadina, ni kuma hankalina ba ya jikina, na manta ban canza ruwan bokiti ba har ya yi zafi. Sifirit ya ɗigo da ɗumi. Na tari sifirit ɗin a gilashi na tsoma Ɗan Iyo, sai ga shi ya nutse har casa'in da takwas. Na yi tsalle na fita neman Kawu, aka ce ya je sayen gas. Kafin ya dawo gilashi ya huce, mutumina ya koma mazauninsa na kullum.

Na ɗora gilashin a kan kwanon rufin bayan ɗaki, inda rana ke dukansa. Na sauko da shi na gwada. Casa'in da tara.

Ashe Ɗan Iyo ma ana iya tsokanarsa.

Juma'a, 15 ga Safar

Ba ni zan yi ƙaryar ba. Ɗan Iyo zai yi. Ni dai zan ɗauko gilashi in ajiye.

Asabar, 16 ga Safar

Yayar matar Kawu ta zo da hantsi. Gajera ce, da tabarau mai igiya a wuya da jaka mai nauyi. Kawu yana ce mata Yaya, kuma na lura muryarsa ta ragu tun daga ƙofa. Ta dube ni ta ce, “Kai ne Ƙaiƙayin? Labarinka ya riga ka.” Na ce Anti, duk sharri ne. Ta ce haka ake faɗa.

Na riga na ɗora gilashina a kan rufi tun kafin su iso. Na zaga na ɗauko, na ajiye a kan tebur, na saki Ɗan Iyo a ciki. Ya nutse, ya nutse, ya tsaya a casa'in da tara. Fuskar Kawu ta washe. Baba ya ce ai ga shi nan, da aka sa ido ruwa ya daina shiga.

Ita ko kallon lambar ba ta yi ba. Ta ɗora bayan hannunta a jikin gilashin, yadda uwa ke taɓa goshin yaro. Sai ta ce a ba ta kujera, ƙafafunta sun gaji. Ta ce in kawo ruwa a roba. Na kawo, ta ɗauki gilashin da Ɗan Iyo a ciki ta zaunar a cikin ruwan, ta juya wajen Kawu ta shiga tambayarsa yara. Wane ne ya yi haƙori, wace ce ta shiga makaranta, an gyara rufin da ke yoyo kuwa. Kawu na amsawa, ni idona na kan gilashi.

Ɗan Iyo ya fara tasowa. A hankali, kamar mai tashi daga barci. Casa'in da takwas. Ta tambayi lafiyar mahaifiyar Kawu. Casa'in da bakwai. Ta ba da labarin wani likitan ido da ya yi mata tsada. Da ya kai casa'in da biyar ya tsaya, ita ma labarinta ya ƙare.

Na yi tsokana iri-iri a rayuwata, ban taɓa ganin mai tsafta kamar wannan ba. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta nuna ni da yatsa ba, ta bar ni na dahu a tsaye.

Ta ce wa Kawu sifirit in ya yi ɗumi nauyinsa raguwa yake, sai ma'auni ya nutse ya ba da lambar da ba ita ba. Ta ce kowa na iya ruɗuwa da haka. Tana faɗin “kowa” tana kallona ta saman tabarau.

Kawu ya ce to ai shi ke nan, casa'in da biyar ne, ke nan yaron na zuba ruwa.

Ta ce, “Ba wanda ya zuba maka ruwa. Wannan ɗan ruwan tare suke tashi da sifirit ɗin. Ka dafa shi har tukunya ta huje, ba za su rabu ba.”

Kawu ya ce da girmanta, amma ta yaya wuta za ta kori casa'in da biyar ta kasa korar biyar. Ta ce kada ya yarda da ita. Ranar Litinin ya kulle ni a waje, ya tace da hannunsa, ita za ta zo ta ga ɗarin.

Ban san ko na tsira ba. Na dai san ta ga rufin nan kamar tana tsaye a kai.

Litinin, 18 ga Safar

Na yini a kan benci a ƙofar shago kamar mai jiran likita. Kawu ya shige ɗakin tukunya ya datse. Bayan azahar ya fito riga jiƙe, ido ja, da gilashi a hannu. Anti ta sa aka bar shi ya huce, ta tsoma Ɗan Iyo.

Casa'in da huɗu.

Na danne dariya. Allah ya ga ƙoƙarina.

Baba Sito bai saduda ba. Ya ce to an ji, tukunya ce, amma litocin da suka ɓace a durom fa, su ma tashi suka yi? Ashe Kawu ya ba ta labarin shinshinar baki. Ta buɗe jaka ta fito da wasu dogayen gilasai masu layi-layi. Ta ce Baba ya auna da hannunsa, ruwa zuwa layin hamsin a ɗaya, sifirit zuwa layin hamsin a ɗaya. Ya auna yana ƙanƙance ido. Ta ce ya juye su duka a babban, mai layin ɗari. Ta tambaye shi hamsin da hamsin nawa ne. Ya ce ko ɗan yaye ya sani.

Ya juye. Wasu ƙananan kumfa suka taso. Ta ce ya riƙe gilashin, ya ce ya ɗan yi ɗumi, alhali ba wuta kusa. Da ya lafa muka sunkuya duka. Ruwan ya tsaya ƙasa da layin ɗari, kusan layi huɗu babu.

Baba ya duba tebur, ya duba hannun rigarsa, ya ɗaga ƙananan gilasan ya leƙa ko wani abu ya maƙale. Anti ta ce, “Baba, ko kai ma a shinshina bakin naka?”

Na ciji leɓena don kada dariya ta ƙwace mini.

Ta ce ba abin da ya ɓace. In aka ɗora a sikeli nauyin yana nan cif. Ruwa da sifirit in sun haɗu matse juna suke, su shige cikin juna su ci wuri kaɗan, ɗumin nan kuma alamar matsewar ce. Ta ce kullum haka durom ɗinmu ke yi, ba mu taɓa aunawa ba ne sai da zargi ya shigo.

Baba ya ce shi daman bai ce na sha ba, tambaya kawai hancinsa ya yi.

Da za a tashi Kawu ya jefo mini makulli ba tare da ya kalle ni ba. Na cafe. Har ya kai ƙofa ya ce, “Sharaɗinmu yana nan. Kuma kwanon rufi ba murhu ba ne.”

Shi ma ashe ya gani.

Talata, 19 ga Safar

Kawu ya biyo ta gidanmu ya ce wa Inna maganar da aka yaɗa ba gaskiya ba ce. Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ya sha ruwa ya tafi. Inna ta ce daman ta sani. Amma ta ƙara mini nama.

Alhamis, 21 ga Safar

Anti ta dawo saboda maganar kafinta, don Kawu ya riga ya yi alkawari kuma ƙofofi na jira. Ta same ni ni kaɗai a ɗakin tukunya. Na gaishe ta na sunkuyar da kai ina jiran faɗa.

Ta ce wanda ya gano da kansa cewa zafi na ruɗin ma'auni ba wawa ba ne. Amma da ta bar ni, da kafinta ya shafa abin a ƙofofin mutane, su yi fari, sunan Kawu ya tafi tare da nawa. Ta ce ma'auni ba a wasa da shi, don ranar da kowa ya ƙi yarda da kai shi kaɗai zai tsaya maka. Na tuna Litinin ɗin da Kawu ya tace da hannunsa.

Sai na tambaye ta abin da ke cina: me ya sa wutar ke kasawa.

Ta yago kwali ta yi zane. Ga yadda na fahimta, in na yi kuskure nawa ne. Da farko tururin da ke tashi ya fi abin da ke tukunya yawan sifirit, shi ya sa kowace tacewa ake samun ƙari. Amma kana matsawa sama, ƙarin na raguwa. Har a kai wani wuri da abin da ya tashi da abin da ya rage suka zama iri ɗaya sak, to a nan wuta ba ta da abin zaɓa. Ta ce ko wuyan tukunyata ya kai tsawon bene, abin da zan ƙara bai fi ɗaya ko biyu ba, daga nan bango. Wai haɗin nan ma ya fi sifirit zalla saurin tafasa, da ɗan ƙiris, shi ya sa kullum shi ke riga kowa fita ƙofa.

Na ce to in mutum ya fara da casa'in da tara fa. Ta cire tabarau ta dube ni. Ta ce abin da zai fara ɗigowa sai ya fi na tukunya ruwa, wato wutar ta mayar da kai baya. Na ce wannan ai tsokana ce. Ta ce tun kafin a haife ni ake yi wa masu tukunya ita.

Ta ce wannan haɗin da wuta ke kasa rabawa yana da suna, aziyotirof. Na ce kamar atishawar Baba Sito. Ta yi dariya har ta dafa tebur.

Ta ce akwai wasu haɗin da ke yin akasin haka, su riƙe juna gam har su fi kowannensu jinkirin tafasa, su zauna a gindin tukunya su ƙi tashi. Wai lissafi mai sauƙi ya ɗauka kowane ruwa zai shiga haɗi ya zauna kamar ba kowa a gefensa, amma kaɗan ne ke yin haka. Na ce wato su ma ba sa jin magana. Ta ce suna ji, halinsu ne sai an zauna an koya.

Shekara nawa ina zuba ruwa ina kwashewa, ban san suna da hali ba. Matar nan in ta kalli durom, abin da take gani daban ne da abin da muke gani. Kuma ba ta taɓa cewa a yarda da ita, sai dai ta ce zo ka zuba da hannunka.

Asabar, 23 ga Safar

Anti ta kawo maganin. Ba wuta ba ce, wasu 'yan duwatsu ne ƙanana, kamar ƙwayar dawa, launin toka, cikin gwangwani mai murfin roba. Ta ce jikinsu duk ramuka ne da ido ba ya gani, daidai shigar ruwa, sifirit kuwa ya yi musu girma. A zuba su a jarka a rufe, su yi ta tsotse ruwan su bar sifirit. In sun ƙoshi a gasa su su amayar, a sake aiki da su.

Ta ce in buɗe tafin hannu. Ta zuba mini kaɗan, ta ɗiga ruwa a kai. Kafin in ce wani abu suka yi zafi kamar an ciro su daga toka, na watsar ina yarfe hannu. Ta ce to yanzu na san yunwarsu, kuma kada in bar gwangwanin a buɗe, ko laimar iska suka samu sha za su yi.

Duwatsu masu sanyi da ke cizon jiƙaƙƙen hannu. Tun da nake ban taɓa riƙe kayan aiki mai kyau irin wannan ba. Fuskar Baba Sito ce ta fara zo mini.

Litinin, 25 ga Safar

Na bar gilashi ya huce har na gaji, na taɓa shi da bayan hannu yadda take yi, sannan na kira Kawu. Ɗan Iyo ya nutse har wuyansa ya kusa ɓacewa, saura gashi ɗaya ya taɓa ɗari. Kawu ma ya taɓa gilashin. Ban ji haushi ba.

Laraba, 27 ga Safar

Kafinta ya dawo da guntun katako yana ƙyalli har na ga haƙorana a ciki. Ya ce za a riƙa kawo masa duk wata. Kawu ya ce daga yau gwangwanin duwatsu da aikin gasa su a hannuna suke, kada kowa ya taɓa. Anti ta ce aikinta ya ƙare. Ta bar mini dogayen gilasan nan aro, ta ce in na fasa in kawo mata kaina.

Na raka ta da jaka har bakin titi. Na so in ce wani abu, sai na ce Anti jakarki ta fi ki nauyi. Ta ce Allah ya shirye ka.

Litinin, 3 ga Rabi'ul Awwal

Tun safe na ɗebi duwatsu kaɗan na ƙulle a leda na sa a aljihu. Na shirya komai. Baba yakan yi alwala a bakin famfo ya fito hannu na ɗiga. Zan ce masa, Baba riƙe mini wannan tsabar in ɗaura takalmi.

Ya fito kuwa, hannu jiƙe sharkaf. Kawu ba ya nan. Shi da kansa ma ya miƙo hannun, ya ce, “Ƙaiƙayi, me kake ta lalube a aljihu? Ba ni in gani.”

Na ce makulli ne, Baba.

Ba wai tsoro ba ne. Duwatsun ne tausayinsu ya kama ni, in suka sha ruwan alwala sai na sake gasa su, ga gas ya yi tsada. Na mayar da su gwangwani na danne murfi. A hanya na tarar Baba ya bar jarkar kafinta a buɗe, na rufe, na yi masa faɗa sosai. Ya tsaya yana kallona baki sake, wai yaushe na zama Kawu.

Tsokanar tana nan, ba ta lalace ba. Wata rana dai.

Gobe zan gwada uku na sifirit da ɗaya na ruwa, in ga layi nawa za su cinye.